Huberin Wa?

Cukun Inna aka fara ƙwacewa. A filin jirgin Jamus wani ma'aikaci mai safar hannu ya buɗe jakata, ya ɗaga fallayen cukun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zuba su duka a kwandon shara. Na yi masa Faransanci, na yi masa Hausa, har rantsuwa na yi masa cewa tsohuwa makauniya ce ta zaɓe su da hannunta a kasuwar Belbeji don ɗanta. Ya ce doka ta hana shigowa da kayan madara. Abin haushin, ni an gayyato ni ƙasar ne don in koyi sarrafa madara. Garin geron da ke ƙasan jakar da ƙullin tsamiya ne kawai suka tsira.

Sunana Habsatu, a takarda Madam Abdu. Ina aiki da ƙungiyar mata masu yin cuku a Belbeji, kuma masu taimaka wa ƙungiyar ne suka tura ni horon sati biyu a kudancin Jamus. Bizar da aka buga mini tana da rarar kwana shida bayan horon. Kowa ya taya ni murna, amma ni ba horon ne ya kai ni ba. Ƙanena Isuhu, autanmu, shekara bakwai ke nan da ya bi ta Agadas ya tsallaka, kuma duk Juma'a sai ya aiko da murya ta waya. Wata biyar kafin tafiyata muryar ta ɗauke. A kira waya a ji ta a rufe, a tambayi abokansa su ce su ma rabonsu da shi tun da ya sauya wurin aiki.

Inna ta daina cin abin kirki. Ranar da na je mata sallama ta laluba ta kama wuyan hannuna ta ce, "In yana raye ki jiyo mini muryarshi. In ya mutu ki gano mini kabarin, in yi mishi sadaka in huta. Wannan zaman tsakiyar shi zai kashe ni."

Abin da nake da shi a hannu bai wuce hotonsa da saƙonsa na ƙarshe ba. Na saurare shi har na haddace:

"Yaya Habsu, ina lahiya. Na bar wancan wurin. Yanzu ina wurin Huberin, shanu nike kula da su. Wallahi ana riƙe ni da mutunci. Ƙauyen bai da nisa da tashar jirgin ƙasan da na hwaɗa miki, akwai coci mai kai kamar albasa. Ki ce wa Inna kar ta damu."

Da na zo rubuta sunan a ɗan littafina ban yi wani dogon tunani ba. Mu in mun ce Bashirin, Bashir muke nufi. In mun ce Kabirin ya zo, Kabir ne ya zo, wanda aka riga aka san da maganarsa. Har na yi wa Isuhu tsaki a raina, na ce wannan yaro da magana kamar na san mutumin. Na rubuta Huber, na bar sauran. A wurin horo na tambayi wata malama, ta ce ƙwarai suna ne na ƙasar, ta kuma koya mini cewa namiji ana sa masa Herr a gaba. Na ƙara Herr ɗin da jan biro, ina jin kaina mai wayo, ni da na yi karatun lakkol har Zinder.

Ranar Litinin aka sallame mu, na hau jirgin ƙasa zuwa garin da Isuhu ya ambata, na kama ɗaki kusa da tasha. Ko hutawa ban yi ba na shiga kar, wato bas, mai zuwa ƙauyen da ya fi kusa. Tun daga nesa na hango cocin, kansa kamar albasar Galmi, murna ta kama ni. Na shiga butik, kanti ɗaya tilo da ke garin, na nuna wa matar da ke tsare shi littafina da hoton. Ita ma baƙuwa ce, daga wata ƙasa ta zo, ba ta daɗe da fara aikin ba. Ta dubi hoton ta girgiza kai, sannan ta leƙa ciki ta tambayi wani da ban gani ba. Amsar ta dawo a gajarce, wayata ta fassara mini: Herr Huber ya daɗe da mutuwa. Ta nuna mini maƙabartar da ke jikin cocin.

Na je na gani da idona. Ga dutsen, ga sunan, mutumin ya mutu tun Isuhu yana yawo ba wando. Na tsaya a ƙofar butik ina jiran kar, cikin atamfata ruwan ɗorawa, kowa ya wuce sai ya kalle ni. A tsallaken hanya akwai wani gida mai garke a baya, daga can na riƙa jin ƙwanƙwasa kamar ana buga gilashi. Na ɗaga kai, sai wani ƙaton kare ya taso daga ƙofar gidan yana haushi. Ni da kare ba ma shiri tun ina ƙarama. Kar na tsayawa na faɗa ciki.

A hanyar komawa na lura da abin da ban lura da shi ba da zuwa. Duk ƙauyen da muka ratsa, cocinsa mai kan albasa ne.

Talata na tafi ofishin da ke rajistar mazauna. Na ja lamba, na zauna, aka kira ni. Matar ta saurare ni da kyau, har ta ce ta tausaya mini, amma doka ta hana ta gaya mini inda wani yake sai da izininsa. Na ce izinin wa, mutumin da nake nema ko yana numfashi? Na ce uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ta dubi fasfona ta ce sunayenmu ba su yi kama ba. Ina za su yi kama, ni da aka rubuta mini sunan mijina, shi kuma aka rubuta masa na kakanmu? Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, na manta Faransancin na koma Hausa, har wani mai gadi ya matso. Na fito ina huci. Kafin in kai ƙofa matar ta biyo ni da takarda, ta ce wannan ba sirri ba ne, a littafin waya kowa yana iya gani. Jerin masu suna Huber ne na yankin. Shafi biyu cur, gaba da baya.

Laraba kuwa ɗan'uwana Bahaushe ne ya cinye mini ita. Ina tasha ina waya da maigidana Abdu sai na ji an ce, "Hajiya, sannu da hanya." Wallahi sai da hawaye ya zo mini, kwana goma sha bakwai ban ji wannan gaisuwar a fili ba. Dattijo ne mai tsabta da hula, ya ce shekararsa ashirin a ƙasar, babu baƙar fatar da bai sani ba a yankin. Na kwashe labari kaf na ba shi, sannan na nuna hoton. Ya buga ƙirji ya ce, "Isuhu mai shanu! Ai na san gidan." Ban tuna cewa ni na gaya masa sunan da shanun ba. Ya ce in kawo na mai ya je ya ɗauko mota. Na zauna a bencin nan daga hantsi har la'asar ta yi sanyi, duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Kuɗin na yafe masa tun a ranar. Yinin da ya cinye mini ne har yau ban iya yafewa ba.

Alhamis da Juma'a na bi jerin nan gida-gida, ina zaɓar waɗanda ke ƙauye. Wani Huber ɗin mai gyaran mota ne, wani likitan haƙori, wani ya leƙo ta taga ya ɗaga mini hannu in tafi tun ban buɗe baki ba. Wani mai shanun gaske ne, ya dubi hoton ya daɗe, ya ce bai san shi ba, amma da ya ga takalmina ya jiƙe sai ya shiga ya ɗauko mini takalmin roba na matarsa da lema. Da su na ƙarasa yawon, atamfa a sama, takalmin garke a ƙasa. Da matan ƙungiyarmu sun gan ni da sun yi shekara suna dariya.

Abin da ya fi cin raina shirun garuruwan ne. A Belbeji baƙo bai gama sauke jakarsa daga mota ba an san gidan da ya nufa, an san ko ɗan wane ne, wani ma ya riga shi zuwa ya ba da labari. Nan kuwa gidaje kamar an wanke su, furanni a kowace taga, amma ka yi tafiyar rabin awa ba ka ga wanda za ka ce wa sannu ba. Na riƙa tunanin yadda Isuhu, mai surutun da Inna ke cewa ya fi kasuwar Tanut, ya yi shekara bakwai a cikin wannan shirun.

Kullum da yamma Abdu yakan kai wa Inna waya. Ba ta gaisuwa, tambaya ɗaya ce: "Kin gan shi?" In ce an kusa, Inna, an kwatanta mini gidan. Ranar Juma'a ta ce, "Ke, ni na haife ki. Muryarki ba ta mai kusa ba ce."

Asabar ita ce ranar ƙarshe. Jirgina zai tashi Lahadi da sassafe daga babban birni, kuma jirgin ƙasan da zai kai ni can ƙarfe biyar na yamma yake barin tasha. Na ce bari in gwada ƙauye ɗaya. Huber ɗin can ma ya yi tafiya, gidan a kulle. Na gaji, na shiga maƙabartar cocinsu don nan ne kawai na ga benci. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Baba. Na fara shirya ƙaryar da zan kai wa Inna, ko in ce na gan shi lafiya, ko in ce na ga kabarin, na rasa wadda ta fi sauƙi. Sai na kunna saƙon Isuhu da ƙarfi, ba don komai ba sai don in ji muryarsa.

Akwai wata tsohuwa a gefe tana ba furannin wani kabari ruwa da buta. Su haka suke yi, kamar masu lambu. Ta ajiye butar ta matso ta yi mini magana. Na ce ba na ji. Sai ta juya zuwa Faransanci mai kyau, ashe tsohuwar malamar Faransanci ce, sunanta Madam Rozi. Ta ce ba ta fahimci yaren ba, amma ta ji kalma ɗaya da ta sani. In sake kunnawa.

Na sake. Ta ce, "Huberin. Wace daga ciki kike nema?"

Na ce, "Ba mace ba ce, Madam, namiji ne. Herr Huber." Na nuna mata littafina.

Ta ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni ce, na yi mata bayanin Bashir da Bashirin, har da ɗan fahari, kamar ina koyar da ita. Ta zauna kusa da ni a hankali, ta dafa gwiwata.

Ta ce, "'Yata, abin da kika yanke shi ne maganar. A wurinmu wannan wutsiyar ta mace ce. Sunayenmu da yawa daga sana'a suka fito. Müller mai niƙa ne, matarsa kuma Müllerin. Huber mai gona ne, matarsa Huberin. Da can haka ake rubuta mata a littattafan coci, na sha karanta su, mace ba ta shiga littafi sai da wutsiyarta. Daga baya ma'aikatan hukuma suka ce gida ɗaya suna ɗaya, suka daina rubutawa. Takarda ta bari, amma bakin mutanen ƙauye bai bari ba. Ko mijin ya shekara talatin a ƙasa, ita tana nan Huberin."

Sai Inna ta faɗo mini a rai. Mahaifinmu maƙeri ne, ya rasu da daɗewa, kuma duk Belbeji ba mai kiran Inna da sunanta. Maƙeriya ake ce mata, ita da ba ta taɓa ɗaga guduma ba. Wanda ya sauka a tasharmu ya tambayi maƙerin, kabari za a nuna masa. Wanda ya tambayi Maƙeriya, har ɗaki za a kai shi. Abin da na tashi a cikinsa ne, amma da na same shi a bakin wasu sai na kasa gane shi.

Madam Rozi ta ciro waya. Tsofaffin mata ko'ina halinsu ɗaya. Ta kira wata, watan ta ba ta lambar wata, kafin minti goma ta rufe wayar ta ce, "Tashi. Yana raye." Abin da na yi kwana biyar ina nema ke nan.

A motarta na fara gane hanyar. Ga cocin, ga maƙabartar, ga butik ɗin ranar Litinin. Ta tsaya a tsallaken hanya, a ƙofar gidan mai kare. Ƙarfe uku saura kaɗan.

Huberin ta fito daga garke tana goge hannu a jikin riga, gajeruwa, kakkaura, hannuwanta duk kanta kamar na Inna. Ta kalli fuskata kawai ta toshe baki. Madam Rozi ce ta riƙa fassara mini a tsaye. Wata biyar da suka wuce Isuhu ya yanke jiki ya faɗi a garke, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wayarsa ta faɗa ramin kashin shanu, da ita duk lambobin gida suka tafi. Ya yi wata biyu a asibiti. Da aka so kai shi gidan jinya mai nisa, ita ta ce a gidanta ya faɗi, a gidanta zai tashi. Ita ke ba shi abinci, ita ke juya shi.

Sai ta ƙara wata magana, Madam Rozi ta fassara. Ta ce ba su san abin da ya same shi ba tun ranar Litinin. Yana zaune a bakin taga kamar kullum, sai ya hau dukan gilashi da hannunsa mai lafiya har fatar ta fashe. Sun kira likita, bai ga komai ba. Tun ranar ya ƙi abinci, ya ƙi a ɗaga shi daga tagar.

Ban san yadda na hau matakalar ba. Yana cikin kujera mai taya, ya rame, bakinsa ya karkace, hannun hagu naɗe da bandeji. Ta bayan kansa na hango abin da tagar ke kallo: ƙofar butik, daidai inda na tsaya da atamfata ruwan ɗorawa.

Na durƙusa na rungume ƙafafunsa. Na ce, "Isuhu, ka yafe mini. Na ji ka, wallahi na ji bugun, kare ne ya kore ni." Ya ɗora hannun mai bandeji a kaina yana wani sauti daga maƙogwaro. Rabin fuskarsa na kuka, rabin bai motsa ba.

Lokaci ba ya jira. Na sauka kicin ɗin Huberin, na jiƙa tsamiya da ruwan zafi, na dama kunu da geron Damargu, tana tsaye a kaina tana kallon kowane motsi, Madam Rozi na rubuta mata. Na kai masa a cokali. Ya sha, ya sake buɗe baki, har ya shanye kofin. Huberin ta juya baya tana share ido da gefen riga.

Sannan na kira Abdu na ce ya ruga wurin Inna. Na kara wa Isuhu wayar a kunne, muryarta na fitowa har ina ji.

"Auta? Auta, kai ne? Yi mini magana."

Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Da ƙyar abu ɗaya ya fito: "Nna."

Inna ta ce, "Ya isa. Na ji ka. Kar ka wahal da kanka, ɗana, na ji ka."

Na so in yaga tikitin in zauna. Madam Rozi ta ce in na wuce ranar biza ba za a sake bari in shigo ba, kuma shi zai daɗe yana bukatar mai zuwa. Ga Inna can ba mai kula da ita sai ni. Na rubuta lambobinmu da manyan baƙaƙe har wuri uku, ɗaya na manna a jikin tagar. Na bar wa Huberin sauran garin da tsamiyar. Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce muka fito. Kwana shida na zo da su don Isuhu, abin da na samu bai cika awa biyu ba. Da motar ta juya ta gaban butik na ɗaga kai, yana nan, tafin hannunsa a jikin gilashi. Wannan karon na ɗaga masa hannu har kwana ta raba mu.

Yanzu duk Juma'a Huberin takan kira. Ba ma jin yaren juna, takan ce "kunu" ta yi dariya, sannan ta kara masa wayar. Kalmominsa sun kai biyar. Inna ta koma cin tuwo. Ban taɓa gaya mata cewa tun ranar Litinin na tsaya a gaban tagarsa na juya ba, kuma ba na jin zan iya.

Ranar da na dawo Belbeji, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ta sa na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin matar, garkenta da hannuwanta da mijinta da ke kwance a tsallaken hanya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wannan baiwar Allah, mi ne ne sunanta? In riƙa sa ta a addu'a."

Na ce, "Huberin."

Ta karkato kunne tana jiran sauran. "Huberin wa?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin wutsiyar da littattafan coci, sai na fasa.

Na ce, "Huberin Isuhu, Inna."